Yadda Ake Magance Karkacewar Zarto Wajen Tsaga Katako Mai Tauri A Injin Banso

Falankin maɗaci ko na kawo mai kaurin inci biyu kuɗi ne a ajiye. Idan kafinta ya tsaga shi ta kaurinsa, falanki ɗaya zai koma biyu ko uku, ya ishi ƙofar kabad, ko fuskar durowa, ko saman ƙaramin tebur. A bidiyon YouTube da TikTok aikin kamar yankan sabulu yake: a tura katako ta nan, ya fito ta can a miƙe. Amma matashin da ya gwada a shago yakan tarar da wani abu daban. Zarton yakan fara a kan layi, kafin a kai rabin falankin ya kauce, a ƙarshe a sami ɓari ɗaya mai kauri, ɗayan kuma siriri kamar bakin gatari.

Asarar ba ƙarama ba ce. Idan zarto ya karkace da digiri 1 kacal, to a tsawon mita 1 zai bar layi da kusan milimita 17. Falanki mai kaurin milimita 50 da aka so a raba gida biyu, kowanne kusan milimita 24, zai ƙare da ɓari ɗaya mai milimita 7 a ƙarshensa. Idan katakon na mai ba da aiki ne, kafinta zai biya daga aljihunsa. Ga shi kuma irin waɗannan itatuwa sai ƙara tsada suke yi. Madobiya ma tun 2017 yarjejeniyar CITES ta sa ido a kan cinikinta tsakanin ƙasashe saboda yawan sararta.

Wannan darasi zai bi musabbaban karkacewar ɗaya bayan ɗaya, daga wanda ya fi yawan faruwa zuwa wanda ba kasafai ake gani ba, tare da wuraren da wayar hannu za ta taimaka wajen gano matsalar.

Yadda injin yake

Injin zarto mai ɗamara, wanda ake kira banso, yana da manyan tayoyi biyu, ɗaya a sama ɗaya a ƙasa. Zarton doguwar ɗamarar ƙarfe ce mai haƙora a gefe ɗaya, an haɗa bakinta biyu da walda, tana zagaya tayoyin. Motar lantarki ta injin tana juya tayar ƙasa, ita kuma ta sama ana ɗaga ta ko a sauke ta domin a ɗaure zarton ko a sassauta shi. Akwai kuma wani maɓalli a bayan tayar sama da ake murzawa domin a ɗan kishingiɗar da ita gaba ko baya.

Ana lulluɓe bakin kowace taya da roba, kuma a yawancin ƙananan injuna tsakiyar robar ta ɗan fi gefunanta tudu. A sama da tebur da kuma ƙarƙashinsa akwai marikai, wato ƙananan boris ko dunƙulen ƙarfe da ke tsare zarton ta dama da hagu, da wani boris a bayansa da ke hana shi ja da baya idan an tura katako. Sai shinge, wato miƙaƙƙen ƙarfe ko katakon da ake jingina falanki a jikinsa yayin yanka.

Abin lura a nan shi ne, tsakanin marikin sama da na ƙasa babu abin da ke riƙe da zarton sai ƙarfin ɗaurinsa. Idan ana tsaga falanki mai faɗin santimita 15 a tsaye, to siririn ƙarfe ne da kaurinsa bai kai milimita 1 ba yake ratsa wannan tazara shi kaɗai. Duk abin da ya tura shi gefe, ko da kaɗan ne, zai bi.

A fara karanta yankan

Kafin a taɓa ko noti ɗaya, a ɗauki ɓarin da ya lalace a duba shi da kyau, domin kamannin yankan yakan nuna inda matsalar take.

Idan zarton ya bar layi a hankali zuwa gefe ɗaya, kuma kullum gefen nan yake bi, to abin zargi na farko haƙora ne, na biyu kuma zaman zarton a kan taya.

Idan yankan ya yi daidai a sama da ƙasa amma ya yi ciki a tsakiya, wato ɓari ɗaya ya yi tumbi ɗayan ya yi rami, to ɗauri ya yi sako-sako, ko an tura da ƙarfi, ko haƙoran sun yi yawa.

Idan saman falankin ya fi ƙasansa kauri daga farko har ƙarshe, wannan ba laifin zarto ba ne. Tebur ne ko shinge bai tsaya daidai ba.

Idan kuwa yankan yana tafiyar maciji, ya yi dama ya yi hagu, to zarton ya dakushe gaba ɗaya, ko marikai sun yi nisa da shi.

Akwai gwaji mai sauƙi da za a yi da tocilan ta waya. A fara yanka a wani guntun katako a jikin shinge, idan an shiga kamar santimita 10 sai a kashe injin ba tare da an motsa katakon ba. Bayan tayoyi sun tsaya cak, a haska cikin tsagar ta baya. Bayan zarton ya kamata ya kasance a tsakiyar tsagar, bai taɓa dama ba bai taɓa hagu ba. Idan ya manne da gefe ɗaya, to hanyar da zarton yake son bi daban take da wadda shinge yake tilasta masa.

Kiyaye lafiya kafin gyara

Duk gyaran da za a yi a cikin injin, a zare filogi daga soket tukuna. Kashe maɓalli kaɗai bai isa ba, musamman a inda wuta take ɗaukewa ta dawo ba sanarwa. Ana sa safar hannu lokacin warware sabon zarto, domin yakan buɗe da ƙarfi, amma a cire ta kafin a kunna inji, saboda haƙora suna iya kama ta su ja hannu. Haka nan a naɗe hannun riga, kada a tsaya gaban inji da babbar riga ko wani abu mai reto.

A sa gilashin kare ido da takunkumi. Hukumar binciken cutar daji ta duniya, IARC, ta sanya ƙurar katako cikin rukunin farko na abubuwan da ke haddasa cutar tun 1995, kuma an san ƙurar loko da tayar da asma da ƙaiƙayin fata.

Mataki na ɗaya: zarton kansa

Mafi yawan karkacewa daga zarto take farawa, don haka da shi ake fara bincike. Haƙoran zarto ba a jere suke a miƙe ba: an lanƙwasa wasu dama wasu hagu, domin tsagar ta fi jikin zarton faɗi, ya sami wurin wucewa. Muddin haƙoran dama da na hagu suna da kaifi ɗaya da lanƙwasa ɗaya, zarton zai tafi a miƙe. Da zarar gefe ɗaya ya dakushe, sai gefen da ya fi kaifi ya riƙa cin katako fiye da ɗan'uwansa, zarton ya bi shi.

Abubuwa uku ne suka fi jawo haka. Na farko, haƙora su goga jikin mariki na ƙarfe, ko da na daƙiƙa kaɗan ne. Na biyu, su ci karo da ƙusa, ko yashi, ko ƙasar da ta manne a jikin katako. Na uku, a daɗe ana yankan lanƙwasa da zarton, domin hakan yana cinye gefe ɗaya fiye da ɗayan. Saboda haka ne ƙwararru suke ware zarto guda domin tsagar kauri kaɗai.

Wasu itatuwan ma da kansu suke kashe kaifi. Loko yakan ƙunshi dunƙulen sinadari mai tauri kamar dutse a cikinsa, ƙirya kuwa taurinta ne ya sa ake sassaƙa turmi da ita. Zarton da zai daɗe yana yankan katako mai laushi ba zai jima ba a irin waɗannan.

Domin a duba haƙoran, a kusantar da kyamarar waya, a ƙara girman hoton, a haska ta gefe. Bakin haƙori mai kaifi ba ya ƙyalli. Wanda ya dakushe yakan nuna ɗan farin ɗigo mai walƙiya a tsininsa. A ɗauki hoton dama da na hagu a gwada su. A kuma tabbatar bakin haƙoran ƙasa yake kallo, wajen tebur, domin zarto yakan juye ciki ya koma waje lokacin warwarewa.

Sai batun yawan haƙora. Zarton tsagar kauri yana buƙatar haƙora kaɗan masu manyan ramuka a tsakaninsu, kamar haƙora 3 a kowane inci. Dalili shi ne, kowane rami dole ya ɗauki dusar katakon da haƙorinsa ya kankaro tun daga saman falanki har ya fita ta ƙasa. A falanki mai faɗin inci 6, zarto mai haƙora 3 a inci yana da haƙora 18 a cikin katako a lokaci guda. Mai haƙora 10 a inci yana da 60, kuma ramukansa ƙanana ne. Kafin su kai ƙasa sun cika, dusar ta matse a gefen zarton, ta yi zafi, ta ture shi gefe.

Idan ƙaro ya taru a jikin zarton, a cire shi a goge da buroshi mai tauri da ɗan kananzir, a share ya bushe. A duba wurin walda kuma: idan an kwantar da bayan zarton a kan shimfiɗaɗɗen wuri ya kamata ya kwanta ba tare da ƙusumbi a wurin haɗin ba. Wanda ake kai wa zarto wasawa da hannu, a roƙe shi ya daidaita lanƙwasar dama da hagu. Amma zarton da aka ƙona bakin haƙoransa domin su yi tauri, wanda akan gane shi da baƙin tsini, ba a sake lanƙwasa shi, domin haƙoran karyewa suke yi.

Hanya mafi sauri ta wanke zarto daga zargi ita ce a ɗaura sabo. Idan karkacewar ta ɓace, an gama bincike.

Mataki na biyu: ƙarfin ɗauri

Masu ƙera zarto sukan ba da shawarar a ɗaure na ƙarfe gama-gari tsakanin fam 15,000 zuwa 20,000 a kan kowane murabba'in inci, wanda ake rubutawa psi. Masu haƙoran kabaid da masu gaurayen ƙarfe biyu suna buƙatar fiye da haka. Ma'aunin da ke jikin ƙananan injuna ba abin dogaro ba ne sosai, musamman idan sifirin ɗinsa ya tsufa.

Gwajin da aka saba yi shi ne: a ɗaga marikin sama kamar santimita 15 daga tebur, a tura gefen zarton da yatsa da matsakaicin ƙarfi. Kada ya goce fiye da milimita 6.

A nan ne masu sabon inji suke yawan yin kuskure. Sukan ɗauka cewa zarto mafi faɗi shi ne mafi miƙewa, sai su sayi mafi girman da zai shiga injin. Ga abin da lissafi ya nuna. Zarto mai faɗin rabin inci da kaurin inci 0.025, idan za a kai shi psi 15,000, yana buƙatar jan da ya kai nauyin kilo 85. Da yake zarton ya sauko ta ɓangarori biyu na tayar sama, sifirin da gangar jikin injin suna ɗauke da ninki biyu, wato kilo 170. Zarto mai faɗin inci uku bisa huɗu da kaurin inci 0.032 kuwa yana buƙatar kusan kilo 163, wato injin zai ɗauki fiye da kilo 320. Ƙaramin inji mai tayar inci 14 da ƙyar yake iya wannan. Sakamakon shi ne babban zarto mai sako-sako, wanda rabin inci da aka ɗaure da kyau ya fi shi aiki nesa ba kusa ba.

Waya tana da amfani a nan. Zarton da aka ɗaure kamar tsirkiyar garaya yake: idan aka ƙara ɗauri, sautinsa yakan ƙara tashi. A sauke manhajar saita sautin jita, ko wadda take nuna yawan kaɗawar sauti da Hz. A zare filogi, a janye marikai duka daga jikin zarton, a kusantar da wayar, sannan a ɗan fizgi zarton ta bayansa a sake. Idan tazarar da ke tsakanin tsakiyar tayar sama da ta ƙasa santimita 70 ce, zarton ƙarfe a psi 15,000 zai ba da kusan Hz 82, a psi 20,000 kuma kusan Hz 95. Idan tazarar ta fi haka tsawo lambar za ta sauka, idan ta fi gajarta za ta hau. Babban amfanin wannan dabara shi ne maimaitawa: ranar da injin ya yi yanka mai kyau, a auna sautin a rubuta lambar a waya, duk lokacin da aka sake ɗaura wannan zarton sai a mayar da shi kanta.

A tuna cewa ƙarfe yana miƙewa idan ya yi zafi, don haka ɗaurin da aka yi da safe yakan ragu bayan an daɗe ana yanka. Idan an tashi aiki kuma a sassauta zarton, domin kada robar taya ta lotsa.

Mataki na uku: zaman zarto a kan taya

Tunda tsakiyar robar taya tana da tudu, inda zarton ya zauna a kanta shi ke nuna inda bakinsa zai fuskanta. Idan ya matso gaba da yawa zai ɗan juya gefe ɗaya, idan ya koma baya da yawa ya juya ɗaya gefen. Wannan ne ya sa zarto sabo fil yakan karkace.

Akwai hanyoyi biyu da suka shahara. Michael Fortune, mai ƙera kayan ɗaki ɗan ƙasar Kanada, yana koyar da a zaunar da zarton a tsakiyar tayar sama, a bar shinge a miƙe yadda yake. Alex Snodgrass na kamfanin Carter Products a Amurka, wanda bidiyonsa na saita banso ya yaɗu a YouTube, yana koyar da a sa ƙasan ramin haƙora a kan tsakiyar tayar. Duka biyun sun haɗu a kan abu ɗaya: ana gyara karkacewa daga zaman zarton kafin a taɓa shinge.

Yadda ake yi: a zare filogi, a janye marikai, a buɗe murfin sama, a riƙa juya tayar da hannu ana murza maɓallin baya kaɗan-kaɗan har zarton ya zauna inda ake so. A juya tayar sau da yawa a tabbatar ya tsaya a wurin, sannan a ƙulle maɓallin. A rufe murfi, a mayar da marikai, a gwada yanka. Idan karkacewar ta ragu, a ƙara murzawa kaɗan ta wannan fuska. Idan ta ƙaru, a koma ɗaya fuskar. Duk lokacin da aka canza ɗauri a sake duba zaman, domin ɗaya yana taɓa ɗaya.

A duba robar ma. Idan ta tsage, ko ta yi kwari a inda zarto yake zama, ko dusa ta daskare a kanta, zarton ba zai zauna wuri ɗaya ba. Dusa gogewa ake yi, robar da ta mutu kuwa sai canji.

Mataki na huɗu: marikai

Ana saita marikai ne bayan an gama ɗauri da zama. Na gefe su tsaya dab da bayan ramukan haƙora, kada su taɓa haƙoran ko da an tura zarton baya. Tazarar da ke tsakaninsu da jikin zarton kamar kaurin takarda ɗaya ce: a sa takarda a tsakani, a matso da mariki, a ɗaure, a zare takardar. A kula kada mariki ɗaya ya ture zarton daga inda yake tsaye da kansa.

Boris na baya ya tsaya kamar rabin milimita daga bayan zarton. Kada ya juya idan injin yana gudu ba katako, sai an fara yanka. Idan ya manne da zarton tun farko, zai tura shi gaba ya ɓata zaman da aka saita.

Marikan ƙarƙashin tebur su ne aka fi mantawa da su, saboda ba a ganinsu sai an sunkuya. Aikinsu daidai yake da na sama. A haska da waya a duba su, ko a ɗauki hotonsu idan wurin ya yi matsi. Daga ƙarshe a sauke marikin sama ya tsaya kamar milimita 6 a saman falankin. Barinsa can sama yana ƙara tsawon zarton da ba shi da mariƙi, kuma yana barin haƙora a buɗe kusa da hannu.

Mataki na biyar: tebur da shinge

A ɗora sukwaya a kan tebur a jingina ta da jikin zarton, a bayan haƙora. A haska ta baya: idan haske ya ratsa ta sama ko ta ƙasa, tebur ya kishingiɗa. Digiri 1 a falanki mai faɗin santimita 15 yana ba da bambancin kusan milimita 2.6 tsakanin sama da ƙasa.

Manhajar auna kwanciya da ke cikin waya tana iya nuna babban kuskure, amma tudun kyamara da rigar waya suna hana ta kwanciya daidai. A cire rigar, a yi amfani da gefen da ba shi da maɓalli, kuma a bar hukuncin ƙarshe ga sukwaya.

Shingen da yake zuwa da inji gajere ne. A ɗaura masa miƙaƙƙen filawud mai tsayi kusan faɗin falankin da za a tsaga, a auna shi da sukwaya shi ma. Falankin da ba shi da abin jingina a sama zai riƙa rangaji, zarton ya bi rangajin.

Mataki na shida: katakon

Falankin da za a tsaga yana buƙatar fuska ɗaya shimfiɗaɗɗiya da za ta kwanta a jikin shinge, da gefe ɗaya miƙaƙƙe da zai zauna a kan tebur, su biyun kuma su haɗu daidai a sukwaya. Idan falankin ya murɗe, babu saitin da zai cece shi.

Katakon da bai gama bushewa ba wata matsalar ce. Wanda aka ɗauko daga dazukan kudu masu laima aka kawo arewa a lokacin hunturu, bayansa yakan bushe da sauri alhali cikinsa da sauran danshi. Da zarar zarto ya buɗe shi, sai ɓarin biyu su lanƙwashe: ko su buɗe su ture falankin daga shinge, ko su rufe su matse zarton. Idan sun rufe, a kashe inji a cusa ɗan siririn katako a bakin tsagar. Ƙaramar na'urar auna danshin katako tana nuna bambancin da ke tsakanin bayan falanki da cikinsa idan aka yanke bakinsa aka auna. Bayan tsagawa, a jera ɓarin da 'yan sanduna a tsakaninsu na wasu kwanaki kafin a fere su.

Mataki na bakwai: hannu da lantarki

Ko an saita komai daidai, turawa da ƙarfi za ta lanƙwasa zarto. Sannu ba ta hana zuwa. A tura a hankali, ba tsayawa, ana sauraron injin: idan ƙararsa ta fara sauka, an wuce ƙarfinsa. Hannu ɗaya yana danna falankin a jikin shinge a gaban zarto, ba a daidai haƙora ba, ɗayan yana turawa. Idan an kusa ƙarshe a ɗauki guntun katako a ƙarasa turawa da shi, domin a nan ne zarto yake fitowa ba zato. A jingina waya a nesa ta ɗauki bidiyon aikin, daga baya a kalla: mutum yakan ga inda hannunsa ya karkata ko ya yi gaggawa.

Gudun zarton katako yakan kai kusan mita 900 a minti. Duk abin da ya rage wannan gudu yana ƙara wa kowane haƙori lodi. Bel ɗin da ke tsakanin mota da tayar ƙasa yana iya zamewa. Ƙaramin janareta ko wuta mai rauni suna rage ƙarfin motar. Sannan wutar Najeriya da ta Nijar Hz 50 ce, ta Amurka kuwa 60, don haka injin da aka ƙera domin Amurka, ko an daidaita masa ƙarfin wutar, motarsa za ta yi gudu ƙasa da nata da kusan kashi ɗaya cikin shida. Mai irin wannan inji sai ya rage saurin turawa gwargwadon haka.

Idan har yanzu da saura

Wani lokaci aiki yana jira, kuma babu sabon zarto a kusa. A nan ana iya juya shinge ya bi zarton. A sami guntun katako mai miƙaƙƙen gefe, tsawonsa kamar santimita 60, a ja layi da fensir daidai da gefen. A janye shinge, a bi layin da hannu, ana juya katakon yadda zarton zai tsaya a kan layi. Idan an kai rabi a kashe inji ba tare da an motsa katakon ba, a ja fensir a kan tebur a jikin gefensa. Wannan layi shi ne hanyar da zarton yake bi, sai a saita shinge a kansa.

Wata dabarar ita ce shinge mai tsini ɗaya: dogon katako a tsaye mai zagayayyen baki, a ɗaure shi a tebur daidai da haƙora, a tazarar kaurin da ake so. Falankin yana jingina da shi a wuri ɗaya tak, mai aiki kuma yana juya shi yana bin layin da ya ja a samansa. Sai a bar ɗan rarar kauri domin ferewa.

Duka biyun maganin wucin gadi ne. Zarton da ya dakushe ta gefe ɗaya zai ci gaba da dakushewa, kusurwar ta ci gaba da canzawa, kuma ranar da aka ɗaura sabo dole a mayar da shingen inda yake.

Kammalawa

Jerin binciken shi ne: zarto, ɗauri, zama a kan taya, marikai, tebur da shinge, katako, sannan hannu da lantarki. Ana bin su a jere ne saboda kowanne yana dogara da wanda ya gabace shi. A canza abu ɗaya a lokaci guda, a gwada a guntun katako iri ɗaya da na aikin kuma mai faɗi ɗaya, domin guntun katako mai laushi ba zai nuna abin da maɗaci zai yi ba. Idan yankan ya fito daidai, a ɗauki hoton zaman zarton a kan taya, a rubuta lambar sautinsa da ranar da aka ɗaura shi. Sai bayan guntun gwaji ya fito da kauri ɗaya a kusurwoyinsa huɗu ne za a ɗora falankin mai ba da aiki a kan tebur.